Na Ga Salju da Idona: Yini Guda a Dajin Dusar Ƙanƙara na Ƙasar Kebek

 

Ya ƴan'uwa masu karatu, akwai wata kalma da na fara ji ina yaro a zauren mahaifina a Damagaram, ban kuwa san haƙiƙaninta ba sai bayan shekara ashirin da ɗoriya. Manyan almajirai ne ke ɗaukar karatun Muhtasar na Shehu Halilu, mu kuma ƴan Ahalari muna raɓe a gefe muna sauraro. Da aka iso babin taimama, sai Malam ya lissafo abubuwan da ya halatta a yi taimama a kansu, a cikinsu har da wani abu wai shi salju. Wani daga cikin manyan ya ce: "Allah gafarta Malam, mene ne salju?" Malam ya ce ruwan sama ne da sanyi ke daskarar da shi tun yana sama, ya sauko fari sol kamar audugar rimi, ya lulluɓe ƙasa. Ya ƙara da cewa shi ma bai taɓa ganinsa ba, amma malaman da suka rubuta hukuncinsa ba wasa suka zauna yi ba. Ranar kuwa ana zafin bazara irin wanda ƙadangare ma ke neman inuwa, don haka mu yara muka yi ta ƙunshe dariya.

Allah da ikonsa, neman abinci ya kai ni birnin Kebek na ƙasar Kanada, inda dusar ƙanƙarar da ke sauka a shekara guda, in aka tara ta, takan kai kimanin mita 3. Hausawa suka ce gani ya kori ji. Abin da ya sa na ga ya wajaba in rubuto wannan labari shi ne, a yau gidaje da yawa a Nijar da Kamaru da Cadi suna da ɗa ko ƴa a wannan yanki, saboda Faransanci ne harshensa. Muna sallamar su da addu'a da kilishi da dakakken yaji, amma ba mu da abin da za mu gaya musu game da watanni huɗu ko biyar na sanyi da duhu da ke jiran su.

Kiran Gwaggo

A ƙarshen watan Janairu na 2023 gwaggona ta kira ni daga Maraɗi, muryarta na rawa. Ta ce: "Ɗana, ka dubo mini ƙanenka. Kwana goma ke nan in na kira ba ya ɗauka, in ya ɗauka kuma sai i da a'a." Yaron ya zo karatu ne watanni biyar kafin nan. Na same shi a ɗakinsa da tsakar rana, labule a sake, fitila a kashe, kwanukan abinci a jibge. Ya rame. Ya ce mini: "Yaya, ni ban san abin da ke damuna ba. Ba ni da ciwo, amma ba na son tashi. In na buɗe ido duhu, in na fito daga aji duhu." Ya daina zuwa masallaci, sallar asuba kuma sai rana ta fito.

Ba ƙarya ya yi ba game da duhun. A ƙarshen Disamba rana ba ta wuce awa 8 da rabi a sama a birnin Kebek, takan faɗi wajen ƙarfe 4 na yamma. Likitoci sun san wani nau'in baƙin ciki mai zuwa da lokacin sanyi saboda ƙarancin haske, sun kuma san cewa mai baƙar fata jikinsa ba ya samar da isasshen bitamin D a irin wannan rana mai rauni. Wanda ya tashi a garin da ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, kowa ya wuce ya yi sallama, in ya wayi gari a ɗaki shi kaɗai a bayan gilashi, abin yakan yi masa nauyi ninki biyu.

Na ba wani dattijo abokin aikina labari, ɗan asalin ƙasar ne, ba Musulmi ba ne, amma mutumin kirki. Ya ce su ma nan aka haife su, amma duk wanda ya ɓuya wa sanyi a ɗaki, sanyin zai bi shi har can ya same shi. Ya ce in kawo yaron, zai kai mu daji mu taka raket. Muka gayyaci wani ɗan'uwa mutumin Garwa da maiɗakinsa da ƴarsu mai shekara tara, muka zama mu shida.

Takalmin da ke hana nutsewa

Raket wani faffaɗan abu ne da ake ɗaura wa a ƙarƙashin takalmi don tafiya a kan dusar ƙanƙara. Hikimarsa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san hamada. Me ya sa doki ke lumewa cikin rairayi, raƙumi kuwa ya wuce abinsa alhali ya fi shi nauyi? Saboda tafin raƙumi mai faɗi ne, nauyinsa yana rarrabuwa. Dalilin ke nan ma da ya sa mutanen Abzin ke ɗinka takalma masu faɗin ƙasa. Haka raket yake: mutum da takalminsa kawai sai ya nutse har gwiwa ko cinya, amma da raket ba ya wuce idon sawu ko ƙwauri.

Mutanen asali na wannan ƙasa, irin su Wendat da Innu da Kiri, su ne gwanayen wannan sana'a tun kafin Turawa su zo. Sukan tsaga icen da Faransawa ke kira firen, su turara shi har ya yi laushi, su lanƙwasa shi ya zama da'ira mai tsawo, sannan su saƙa masa raga da igiyar ɗanyar fatar namun daji, irin ƙirin da muka sani. Kowace al'umma da siffar nata gwargwadon ƙasarta. Masu zama a kurmi mai sarƙaƙiya suna yin gajere mai zagaye da ake kira tafin dubbu, don ya yi sauƙin juyawa. Masu ratsa fili da daskararrun tafkuna suna yin dogo siriri wanda kan kai mita 1 da rabi. Na Wendat kuwa mai faɗin gaba ne da wutsiya a baya, wutsiyar ce ke daidaita shi kada ya karkace. Har yanzu ana ƙera raket a Wendake, garin Wendat da ke gefen birnin Kebek, inda suka zauna tun 1697. Faransawa ne suka sa masa sunan raket saboda ya yi musu kama da abin buga ƙwallon hannu na ƙasarsu. Daga shekarun 1970 aka fara yin na alminiyom da roba, mai haƙoran ƙarfe a ƙasa don kama santsi, kuma irinsa muka yi haya: tsawonsa santimita 60 da wani abu, faɗinsa kamar 20.

Akwai darasi a yadda Turawa suka koyi zama a nan. A sanyin 1535 zuwa 1536 ƙanƙara ta ritsa da jiragen Jacques Cartier kusa da inda birnin Kebek yake a yau. Cutar rashin bitamin C, mai kumbura dasashi da karya gaɓoɓi, ta kashe masa mutum 25. Sauran ba su tsira ba sai da wani ɗan ƙasa mai suna Domagaya ya nuna musu icen da za su dafa ganyensa da ɓawonsa su sha. A 1608 Champlain ya kafa birnin, ya shiga sanyin farko da mutum 28, ya fito da 8. Waɗanda suka zo bayansu sun rayu ne da suka sauke girman kai suka karɓi raket da maganin gargajiya da dabarun sutura daga masu ƙasa. Matambayi ba ya ɓata. Idan masu jiragen ruwa da bindigogi sai da suka yi almajiranci, ina ga ɗalibin da ya sauka da akwati guda?

Kwarin Jacques-Cartier

Muka zaɓi wata rana a tsakiyar mako, washegarin wata dusa mai yawa. Na je na tayar da ƙanena da kaina, muka yi asuba cikin jam'i a masallacin unguwar Sainte-Foy, kowa ya kyautata alwalarsa kafin ya sa safa da takalmi, da niyyar riƙe ta har azahar. Daga nan muka kama hanya mai lamba 175 zuwa arewa, tafiyar kamar kilomita 50, har gandun dajin Jacques-Cartier.

An kafa wannan gandu a 1981, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 600, hukumar Sépaq ce ke kula da shi. Tsakiyarsa wani kwari ne mai zurfin fiye da mita 550, wanda tsaunukan ƙanƙara masu tafiya suka rarake dubban shekaru da suka wuce, kogi na gudana a gindinsa. A farkon shekarun 1970 an so a datse kogin don samar da lantarki, jama'a suka tashi suka ƙi, shi ya sa kwarin ya wanzu. Motar na gangarawa, sai duwatsu suka tashi dama da hagu, fari fat tun daga gindi har ƙoli. Matar ɗan'uwanmu ta yi ta tasbihi a hankali. Ma'aunin mota ya nuna digiri 16 ƙasa da sifili. Mai karatu ya tuna cewa sanyin hunturun da muke kuka da shi a gida, muna jin wuta da safe, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10 a saman sifili.

A ɗakin karɓar baƙi muka biya kuɗin shiga, muka karɓi raket da sanduna bibbiyu da taswira. Akwai turba mai wuya da ake kira Les Loups, kilomita 11 zuwa da dawowa, mai hawa har saman dutse. Dattijon ya ce wannan ba ta baƙi ba ce. Ya zaɓar mana Les Cascades, zagayen kilomita 4 mai bin gefen wani rafi. Kafin mu fita ya duba suturar kowa kamar mai duba soja. Ya ce sutura hawa uku ce: ta jikin fata mai fitar da gumi, ta tsakiya mai riƙe ɗumi kamar ulu, ta waje mai tare iska. Ya ce auduga abokiyar zafi ce, a nan kuwa maƙiyiya ce, domin in ta sha gumi ba ta bushewa, sai ta koma sanyi a jikin mutum. Ƴar'uwarmu ta ɗora hular ulu a kan hijabinta, ya ce ta fi mu duka dabara, tunda wuyanta da kunnuwanta a rufe suke.

Fasa hanya

Takun farko abin dariya ne. Na taka raket ɗin dama da na hagu, na kifa da fuska cikin dusa, ƴar yarinyar nan ta yi ta ƙyalƙyala dariya. Na ɗago ina kakkaɓewa, sai na ga ƙanena ma yana murmushi, karo na farko tun da na same shi a ɗakin nan. Dattijon ya nuna mana yadda ake yi: a ɗan buɗe ƙafafu, a ɗaga gwiwa, a bar dunduniya ta tashi wutsiyar raket ta ja ƙasa. In za a hau tudu a soka haƙoran gaba, in za a gangara a dogara da dunduniya. Ba a ja da baya da raket, sai dai a zagayo. Cikin minti goma jiki ya saba.

Da yake mu ne farkon shiga bayan dusar, babu sawun kowa a gabanmu, sai alamun da aka manna a jikin itatuwa. A nan na koyi abin da suke kira fasa hanya. Na gaba shi ke shan wahala, domin kowane taku sai ya danne dusa sabuwa ya ciro ƙafa. Na biyu yana samun sauƙi, na shida kuwa kamar a kan daɓe yake tafiya. Saboda haka ba a barin mutum ɗaya a gaba. In ya yi taku ɗari biyu ko uku sai ya ratse gefe, sahu ya wuce, shi ya koma ƙarshe ya huta. Kuma da tafiyar mafi rauni ake auna saurin ayari, ba a barin kowa a baya har ya ɓace wa ido.

Da layi ya zo kan ƙanena sai ya ce: "Yaya, ku wuce, ni ba zan iya ba." Na ce masa: "Ƙanena, kowa ya fasa maka, saura kai. Yarinyar nan a sawunka za ta taka." Ya yi jim, sannan ya shiga gaba. Ina bayansa ina jin numfashinsa, tururi na fita daga bakinsa, raɓa ta daskare a girarsa. Da ya cika ƙidayarsa aka ce ya ratse, sai ya ce a bar shi ya ƙara. Mutumin da ya yi makonni yana ganin kansa kaya a wuyan duniya, yau ga mutum biyar na bin sawunsa.

Shirun daji da rubutun da ke kan dusa

Can cikin kurmi dattijon ya ɗaga hannu, muka tsaya cik. Ya ce mu saurara. Wallahi ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Dajinmu na gida ko da tsakar dare akwai gyare da kwaɗi da kukan kura daga nesa. Nan kuwa har bugun zuciyata nake ji. Dalilinsa shi ne sabuwar dusa mafi yawanta iska ce da ke tsakanin ƙwayoyinta, kusan kashi tara cikin goma, don haka takan shanye sauti kamar yadda katifa ke yi. Sai can ƙasa-ƙasa muka jiyo rafi na gudu a ƙarƙashin ƙanƙarar da ta rufe shi. Wata ƙwayar dusa ta sauka a baƙar safar hannuna, na ƙura mata ido: tauraruwa ce mai rassa shida, an tsara ta kamar zayyanar allo. Kowace ƙwaya a kan shida aka gina ta. Tsarki ya tabbata ga Wanda bai raina ƙaramin aiki ba.

Itatuwan gindin kwarin, irin su erabul da ake tatsar zaƙi daga jikinsa da bazara, duk sun zubar da ganye sun tsaya kamar matattu. Masu ganye kamar allura kuwa, irin su sapen, suna nan kore shar, rassansu sun sunkuya da nauyin dusa. Mai kallo zai ce babu rai a wurin, amma dattijon ya karanta mana ƙasa kamar yadda maharbi ke yi. Ga sawun zomo, manyan ƙafafun baya sun sauka a gaban ƙanana na gaba. Zomon nan ja-ja ne da zafi, in sanyi ya shigo sai ya rikiɗe fari, kuma tafin bayansa faffaɗa ne mai gashi, raket ɗinsa na halitta. Ga wasu ramuka masu zurfi da suka tsallaka turba, sawun orinyal ne, wata dabba dangin barewa wadda ta fi doki tsayi, namijinta kan haura kilo 500. Ya ce akwai wata fakarar daji da Allah ke tsiro mata da wasu ƴan haƙora a gefen yatsu in sanyi ya zo, kuma in dare ya yi tsanani sai ta faɗa cikin dusa ta kwana a ciki. Ƙarƙashin dusa mai kauri, kusa da ƙasa, sanyi ba ya nisa da sifili ko da sama ta kai 30, nan ɓeraye ke da hanyoyinsu. Abin da muke gani likkafani, a wurinsu bargo ne.

Sai ga wata ƴar tsuntsuwa mai baƙin kai ta sauka a reshe kusa da mu tana kuka. Nauyinta bai wuce giram 11 ko 12 ba, ba ta yin hijira zuwa kudu kamar sauran tsuntsaye. Tun kaka take ɓoye ƙwayoyi a ɓawon itatuwa tana tuna inda ta sa, da dare kuma takan sassauta zafin jikinta don abincin ya kai ta safiya. Ƙanena ya daɗe yana kallon ta. Ya ce: "Yaya, wannan ƴar abar ma tana nan." Ban ce masa komai ba. Wa'azin ya riga ya isa.

Azahar a kan salju

A wannan lokaci na shekara azahar takan shiga wajen ƙarfe 12, la'asar kafin 2 da rabi, magariba kafin 5, don haka mai sakaci sai salloli su haɗe masa. Da rana ta karkata muka sami wani ɗan fili a gefen turba. Muka tattake dusa da raket har ta yi tauri, muka kwance su, muka shimfiɗa ledar da muka zo da ita da dardumai a kai. Alƙibla daga nan gabas ce maso arewa. Muka yi salla da takalmanmu tunda tsarkakakku ne, na ja mu da gajerun surori. Dattijon ya koma gefe ya tsaya shiru tare da jakunkunanmu har muka sallame. Da na kai goshina ƙasa, sanyi ya ratso darduma, sai zauren Malam ya faɗo mini a rai.

Ga abin da na koya a can na kuma gani a nan. Dusar ƙanƙara in ta narke ruwa ce mai tsarki mai tsarkakewa, ana alwala da wanka da ita. Shehu Halilu, wanda ya rayu a Masar a ƙarni na 14, ya sa ta cikin abin da ake taimama a kai, masu sharhi kuma suka bayyana cewa wannan ga wanda ya kasa narkar da ita ne. Ba abin mamaki ba ne malaman Malikiyya su yi wannan bincike, tunda mazhabar ta yaɗu a Andalus da duwatsun Magrib inda dusa ke sauka. Wanda kuma ya ji tsoron cutuwa in ya taɓa ruwa, ga shi ba shi da abin ɗumama shi, shari'a ta ba shi taimama. Amru ɗan Asi, Allah ya yarda da shi, ya yi haka a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil, shekara ta 8 bayan Hijira, da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai zarge shi ba. Haka nan a addu'ar da ake yi wa mamaci ana roƙon Allah ya wanke shi da ruwa da salju da ƙanƙara. Sau nawa na ji Malam na karanta ta a bakin makara, ban san farin da ake nufi ba sai ranar nan.

Yatsun da suka daina ji

Bayan salla muka buɗe tarmos na shayi mai citta, da dabino da gyaɗa. A nan kuskurena ya fito. Na cire safar hannu don ɗaukar hoto da waya, na kuma daɗe ina fama da igiyar raket da hannu tsirara. Kafin in ankara yatsu biyu na hannun dama sun daina ji, fatarsu ta yi toka-toka, in na taɓa kamar na taɓa icce. Na yunƙura zan murza su, dattijon ya hana ni da ƙarfi. Ya ce ba a murza naman da sanyi ya kama, ba a goga masa dusa, ba a kuma kara shi a wuta, domin ba ya jin ƙuna. Ya sa na cusa hannun cikin riga a ƙarƙashin hammata. Bayan kamar minti goma sai zogi ya taso kamar harbin kunama, ya ce alhamdu ke nan a harshenku, jini ya dawo. In abin ya yi zurfi, ruwa mai ɗumi-ɗumi ake sa wurin a ciki, a kuma nufi asibiti.

Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa in sanyi haɗe da iska ya kai 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe na iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Wanda kuma ya fara karkarwa ba ƙaƙƙautawa, harshensa ya yi nauyi, tunaninsa ya rikice, sanyi ya shiga cikinsa ke nan, a gaggauta kai shi wuri mai ɗumi. Wayata ma ta mutu a hannuna, domin sanyi na shanye batir, ga shi layin waya ba shi da ƙarfi a cikin kwarin. Shi ya sa ba a shiga daji mutum ɗaya, ba a barin turba mai alama, ba a taka ƙanƙarar kogi, kuma sai an gaya wa wani inda aka nufa da lokacin dawowa. Tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi.

Muka fito wajen ƙarfe 1 da rabi. Zagayen da ɗan ƙasa zai yi cikin awa ɗaya da rabi, mu sai da ya ci mana fiye da uku. Sannu ba ta hana zuwa.

Roƙona ga iyaye da ƴaƴansu

Ba zan ce tafiyar yini guda ta warkar da ƙanena ba. Bayanta na raka shi wurin likita, aka auna jininsa, aka ba shi abin da ya dace, ya kuma riƙa ganawa da masu ba ɗalibai shawara. Amma daga ranar ya ɗage labulensa. Ya koma sahun masallaci, yakan fita ya yi tafiyar rabin awa da rana tsaka ko da ana dusa, kuma kafin sanyin ya ƙare shi da kansa ya ja wasu sababbin ɗalibai biyu zuwa dajin.

Ya ku iyaye, in ɗanku na ƙasar sanyi ya yi shiru, kada ku fara da faɗa, kada ku yanke cewa ya lalace ko imaninsa ya yi rauni. Ku tambaye shi yaushe rabonsa da ganin rana, da wa ya ci abinci a makon nan, wa ya sani a masallaci. In kuna aika masa kuɗi, ku sani takalmin sanyi da riga mai kyau ba almubazzaranci ba ne. Ku nemi wani na gida da ya riga shi zuwa ku damƙa masa amanarsa, kamar yadda gwaggona ta yi. Ku kuma ƴan'uwa da kuka daɗe a can, kun riga kun fasa hanya, ku waiwaya ku ga wanda ke nutsewa a bayanku. Sababbin zuwa kuma, ku riƙe addininku da kyau, ku kuma tambayi masu ƙasa yadda ake zama a ƙasarsu, domin hikima kayan mumini ce duk inda ya tsince ta.

Da daren ranar na kira gida. Bayan gaisuwa na ce: "Baba, yau na yi salla a kan salju." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce: "Ka yi taimama da shi?" Na ce a'a, da alwalata na je. Ya yi dariya ya ce to na bar mas'alar ba a aikata ba, amma gobe in an zo babin zai gaya wa almajirai cewa akwai wanda ya gani. Sai ya ce in ba shi yaron su gaisa, suka daɗe suna magana.

Allah ya tsare ƴaƴanmu a duk inda suke, a zafi ko a sanyi, ya haɗa su da mutanen kirki, ya wanke zukatanmu kamar yadda ake wanke farin tufa. Amin.